Murhun Jin Ɗumi a Tsohon Gida a Ingila: Na Itace, Na Gas, Na Lantarki ko Na Itanol?

Duk Bahaushen da ya yi hunturu biyu ko uku a Ingila ya san akwai sanyin da na'urar ɗumama gida ba ta korewa. Ɗaki ya yi ɗumi, ma'auni ya nuna digiri 20, amma ido na neman wuta. Mun taso muna kewaye kasko da asuba, ana miƙa tafin hannu ana juya baya. Shi ya sa da zarar mutum ya sayi gida a Bradford ko Leicester ko Manchester, ya ga tudun bango a falo da alamar an taɓa yin murhu a wurin aka toshe, sai zuciya ta fara raya masa a fasa a buɗe.

Kafin a kira mai guduma, akwai zaɓi biyar a gabanka: buɗaɗɗen murhu irin na da, rufaffen murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi da ke cin itace, murhun gas, na lantarki, da na itanol, wato barasar ƙonawa. Abin da na lura shi ne yawanci gidan ne ke yanke hukunci kafin mai gidan ya buɗe baki: wane irin mallaka ka yi masa, a wace unguwa yake, kuma bututun hayaƙinsa na nan ko an rushe. Dokokin da zan kawo na Ingila ne. Sikotilan da Wales kowacce da nata, duk da sun yi kama.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko izini, kuma nan ne aka fi ruɗewa, domin izinin iri uku ne, samun ɗaya ba ya ɗauke maka sauran.

Akwai izinin mai gida ko mai ƙasa. In haya kake yi, magana ta kusa ƙarewa: ba ka taɓa bango sai da rubutacciyar yardar mai gidan. In fulat ka saya, galibi damar zama ta wasu shekaru ka saya, ginin da rufinsa da bututunsa na mai ƙasar ne, sai ka nemi yardarsa.

Akwai izinin tsara gari daga ƙaramar hukuma. Aikin cikin ɗaki yawanci ba ya buƙatarsa. Sabon bututun hayaƙi a waje ma an yafe wa gidaje, muddin bai ɗara ƙololuwar rufin da mita 1 ko fiye ba. Amma yafiyar ba ta shafi fulat ba. A unguwannin da aka killace saboda tarihi kuwa, ba a yarda ka fito da bututu ta gaban gida ko gefensa da ke kallon titi ba sai da izini. In kuma gidan kansa na cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko tsohon murhun cikin ɗaki ba ka canjawa sai da takardar amincewa ta musamman, kuma yin aikin ba tare da ita ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa.

Sai ƙa'idojin gini, waɗanda ba ruwansu da kyan gani, tsaron rai suke dubawa. Sashen da ya shafi murhu da bututun hayaƙi shi ne Sashe na J. Hanya biyu ce: ko ka ɗauki ma'aikacin da ke da rajista da hukumar tantance ma'aikatan murhu irin HETAS, ya yi aikin ya ba da shaida da kansa, ko ka sanar da sashen duba gine-gine na ƙaramar hukuma tun kafin a fara, ka biya kuɗinsu, su zo su duba. Ko ta wace hanya, abin da kake nema a ƙarshe takardar shaida ce. Ranar da za ka sayar da gidan lauyan mai saye zai tambaye ta, kuma in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, kamfanin inshora zai tambaye ta.

Ƙaramin ƙari ga masu gidan jeri, inda bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci: in aikin zai kai ga sarar bangon da kuka yi tarayya, dokar 1996 ta ce ka ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin a fara.

Na biyu shi ne dokar hayaƙi. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar, dubban mutane suka mutu. Daga nan aka yi dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ayyana unguwannin hana hayaƙi. Yau mafi yawan Landan, da Birmingham, da Manchester, da sauran manyan biranen da mutanenmu suka fi zama, suna cikinsu. A irin wannan unguwa ba a ƙona itace sai a murhun da ma'aikatar muhalli, DEFRA, ta tantance. Wanda bututunsa ke fitar da hayaƙi ana iya cin sa tarar fam 175 zuwa 300, wanda ya sayi makamashin da ba a amince da shi ba don ƙonawa a murhun da ba a tantance ba tararsa na iya kai fam 1,000. Shafin intanet na ƙaramar hukumarka zai nuna maka ko titinka na ciki, dubawar ba ta kai minti biyar ba.

Sauran ma'aunan sanannu ne: kuɗin saye da ɗaurawa, kuɗin ciyar da shi kowane hunturu, ƙarko, ɗawainiyar yau da gobe, da haɗari. Haɗarin kuma kashi uku ne: gobara, ƙuna, da gubar nan ta kabon monoksaid da ba ta da wari ba ta da launi. Kuɗaɗen da zan ambata kiyasi ne, Landan ta fi arewa tsada, don haka ka nemi farashi daga mutum uku.

Buɗaɗɗen murhu

Shi ne wanda zuciya ta fi so, shi ne kuma wanda lissafi ya fi ƙi. Ana ganin harshen wuta, ana jin ƙarar itace da ƙamshinsa. Amma kashi uku cikin huɗu na zafin, ko kusa da haka, bututu yake bi ya tafi sama, kuma yana jan iskar ɗakin da ka riga ka biya kuɗi ka ɗumama. Ko ba a kunna ba, buɗaɗɗen bututu ƙofa ce ga sanyi.

Sai gidan da ke da bututun bulo tun asali. Kada ka yarda da tudun da ka gani a falo kawai. Ka hau ɗakin sama ka duba ko tudun ya ci gaba, ka leƙa cikin silin, ka fita titi ka kalli rufin. Gidajen jeri da yawa an rushe tudun a wani hawa don a ƙara fili, aka bar na ƙasa ko na sama. Na taɓa raka wani ɗan'uwa duba gidan da ya riga ya gama tsara inda zai jera itace, da muka leƙa cikin silin sai muka tarar an datse bututun a can, an shafe rufin da tayil kamar ba a taɓa yi ba.

In bututun na nan, sai mai sharar bututu ya share, ya gwada shi da hayaƙi. Gidajen zamanin Sarauniya Victoria sun haura shekara 120, farar ƙasar da ke tsakanin bulo ta zube a wurare da yawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ba ka gani ita ce ke kai hayaƙi ɗakin kwanan yara a sama, ko ɗakin maƙwabci. In ya faɗi gwaji sai an yi masa sabon rufi ta ciki, kuɗin kuma ya tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa fam 2,000 ko sama.

Ƙa'ida ta ce dakalin da wutar za ta zauna a kai ya zama kankare ko makamancinsa mai kaurin milimita 125, ya fito gaban bangon da milimita 500, ya zarce bakin murhun da 150 kowane gefe. Bututun murhu matsakaici kada faɗinsa ya gaza milimita 200. Kuma dole a buɗe ƙofar iska ta dindindin daga waje, wadda mutane ke toshewa da tsumma da zarar sanyi ya kama, su jawo wa kansu hayaƙi.

Ƙarko kam babu kamarsa, bulo ne da ƙarfe. Haɗarinsa ne ya fi na kowa: tartsatsi kan kafet, garwashi da ke gangarowa, yaro mai rarrafe, gefen zane ko mayafi ko babbar riga. A unguwar hana hayaƙi kuma itace ya haramta a cikinsa, sai dunƙulen makamashi marar hayaƙi, wanda ba shi da ƙamshin da aka zo nema tun farko.

Rufaffen murhun ƙarfe

Nan ne ya kamata a daɗe, domin shi aka fi saya kuma shi aka fi yi wa aikin ganganci.

Akwati ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi, ana sarrafa iskar da ke shiga. Na zamani yana mayar da kashi 75 zuwa sama da 80 cikin ɗari na itacen ya zama ɗumin ɗaki. Tun 1 ga Janairun 2022 duk sabon da za a sayar sai ya cika mizanin rage hayaƙi da ake kira Ecodesign. Amma a kula, cika wannan mizani daban, tantancewar DEFRA daban. In kana unguwar hana hayaƙi, sunan samfurin da za ka saya sai ka gan shi a jerin DEFRA da idonka. Tsohon murhu na hannu da aka tallata da araha a Facebook galibi ba ya ciki.

In akwai bututun bulo, ana zura bututun baƙin ƙarfe marar tsatsa mai lanƙwasa daga sama har ƙasa. Inganci biyu ne a kasuwa, 316 da 904, na biyun ya fi tsada ya fi jure makamashin dunƙule. Murhu da bututu da aiki sukan kama daga fam 2,000 zuwa 3,500. In babu bututu sam, ana iya kafa na ƙarfe mai bango biyu da abin tare zafi a tsakani, ya ratsa silin da rufi ko ya fita ta bango ya hau. Wannan yakan kai fam 3,500 zuwa 5,500, kuma shi ne ke iya jawo maganar izinin tsara gari.

Ga awon da ya kamata ka riƙe, ko don ka gane ma'aikacin kirki. Faɗin bututu milimita 150, an yarda da 125 ga murhun da DEFRA ta tantance. Tsayinsa ana so ya kai mita 4.5 don ya ja hayaƙi da kyau. In ya fito kusa da ƙololuwar rufi, ya ɗara ta da milimita 600. Guntun bututu mai bango ɗaya da ke fitowa daga kan murhun ya nisanci katako ko duk abin da ke cin wuta da ninki uku na faɗinsa, wato milimita 450 ga mai faɗin 150. Wannan awon ne masu son kafa ƙaton katako a saman murhu don ado ke takawa. Katako ba sai harshen wuta ya taɓa shi ba, zafin shekara da shekaru yana busar da shi har wata rana ya kama. Dakali kuwa, in murhun a fili yake tsaye kuma an gwada ba ya zafafa ƙasansa sama da digiri 100, faranti mai kaurin milimita 12 na dutse ko gilashi ya wadatar, amma girmansa ya kai 840 sau 840, ya fito gaban murhun da aƙalla 225, gefe kuma 150.

Girman murhun ma abin lura ne. Mu da son babba. Falon gidan jeri kilowat 4 zuwa 5 ya ishe shi. Wanda ya wuce 5 sai an huda bango an yi masa ƙofar iska, a sabbin gidaje da aka toshe ko'ina kuwa ko ƙarami ne sai an yi. In ka sayi mai kilowat 8 a ƙaramin ɗaki, zafi zai kore ka, sai ka riƙa shaƙe masa iska yana ci a hankali, wannan kuma shi ke tara baƙin danƙo a bututu, danƙon da ke kama wuta. In falon a haɗe yake da kicin, ka gaya wa ma'aikacin ya gwada murhun fankar zuƙe hayaƙin girki na kunne, domin tana iya jawo hayaƙin murhun ya dawo ɗaki.

Itacen kansa sai busasshe, damshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Tun Mayun 2021 an hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri da kwal ɗin gida na buhu, kuma busasshen da aka tantance yana ɗauke da tambarin Ready to Burn. In ɗanye ka samu kyauta, sai ya yi shekara ɗaya zuwa biyu a rumfa. Katakon da aka yi wa fenti ko magani, ɓaraguzan kabad da ƙofa, duk guba suke fitarwa. Ka tambayi kanka tun yanzu ina za ka ajiye itacen hunturu guda a gidan da bayansa bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Jikin murhun yakan yi shekara 15 zuwa 20 ko fiye. Bulon ciki, igiyar bakin ƙofa da farantin sama su ake canjawa lokaci-lokaci. Sharar bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, mai ƙona itace kullum sau biyu, kowace ta kama fam 60 zuwa 100, ka kuma ajiye takardar. Kwashe toka, goge gilashi, ɗauko itace cikin ruwan sama, duk na mai gida ne, in kuwa za a bar wa uwargida ne to a yi shawara da ita kafin a biya kuɗi.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa son faɗa. Rahoton babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, na 2022 ya nuna ko murhun zamani mai cika mizani yana fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi ninki ɗaruruwa fiye da tukunyar gas ta ɗumama gida, buɗaɗɗen murhu kuma ya ninka shi sau da yawa. Duk buɗe ƙofa don ƙara itace wani abu na shigowa ɗaki. Gidan da ke da mai asma, jariri ko tsoho mai ciwon ƙirji, ni dai ba zan ba su shawararsa ba.

Murhun gas

Doka a nan gajera ce: ba mai taɓa shi sai injiniyan da ke da rajistar Gas Safe, wadda ta gaji tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Ka nemi katinsa, ka juya bayansa ka ga ko an rubuta ya cancanci aikin murhu, domin wani na tukunyar ruwan zafi kawai ya iya. Shi zai sanar da hukuma, takarda ta zo maka.

Iri uku ne. Akwai mai amfani da tsohon bututu, wanda in buɗaɗɗe ne yana zubar da zafi, in mai gilashi ne yana kai kashi 80 ko kusa. Akwai wanda aka rufe ruf, yana shaƙar iska daga waje yana mayar da hayaƙinsa waje ta gajeren bututu biyu-cikin-ɗaya da ya ratsa bango. Wannan ba ya buƙatar bututun rufi, bangon waje kawai yake so, kuma wutarsa ba ta haɗuwa da iskar ɗaki. A ganina shi ne ya fi aminci cikin duk masu harshen wuta na gaske. Na uku ba shi da bututu sam, ya dogara da matatar cikinsa da na'urar da ke kashe shi in iska ta ragu. Yana buƙatar ɗaki mai girma da ƙofar iska a buɗe kullum, yana kuma ƙara damshi a gidajen da dama can suna fama da baƙin gansakuka a bango. Ba na sha'awarsa.

Saye da ɗaurawa fam 1,000 zuwa 3,500, ya danganta da nisan bututun gas daga wurin. Ciyarwa da sauƙi, domin a 'yan shekarun nan awon gas yana kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farashin lantarki. Yakan yi shekara 10 zuwa 15, da dubawar injiniya sau ɗaya a shekara. Gilashinsa na yin zafin da zai saɓule fatar hannun yaro, don haka shinge dole ne. In ka ji warin gas, lambar gaggawa 0800 111 999.

Na lantarki

Ba izini, ba bututu, ba hayaƙi. A jona a bango. Hita ce mai kilowat 2 da hoton wuta a gaba, kuma na yanzu hoton ya yi kyau har baƙo kan miƙa hannu. Ana iya kunna hasken kaɗai ba zafi, wanda kusan ba ya cin komai. Daga fam 100 zuwa 1,000, sai in za a gina masa bango na musamman da talabijin a sama. In za a ja sabon layin waya, ma'aikacin lantarki mai rajista ne zai yi.

Aibinsa kuɗin wuta: awa ɗaya da cikakken ƙarfi ta kai kimanin rabin fam. Fanka da wayar zafinsa sukan gaji kafin shekara goma. Haɗarinsa na kowace hita ne, kada a jona shi a doguwar soket mai baki da yawa, kada a shanya kaya a kansa.

Na itanol

Barasa ce da aka gurɓata don kada a sha, ana zuba ta a ƙaramin tanki a kunna. Harshen wuta na gaske, ba bututu, ba takardar hukuma. Zafinsa kilowat 2 zuwa 3, lita ɗaya ta yi awa uku zuwa huɗu, kuma litar ba ta da araha. Ado ne ya fi ɗumi yawa. Matsalarsa wajen ƙari take: harshensa kan dushe har ka zata ya mutu, in ka tsiyaya mai a kan tanki mai zafi wutar na iya bin ruwan ta koma cikin gorar da ke hannunka. Sai ya huce sarai kafin a ƙara, kuma taga ta ɗan kasance a buɗe. Ƙananan nan na ɗorawa kan tebur, masu saurin kifewa, ba kayan gidan yara ba ne.

| | Buɗaɗɗe | Rufaffen ƙarfe | Gas | Lantarki | Itanol |
|---|---|---|---|---|---|
| Saye da ɗaurawa, fam | 500–2,500 | 2,000–5,500 | 1,000–3,500 | 100–1,000 | 100–1,000 |
| Ciyarwa | Tsada, zafi na gudu | Matsakaici | Sauƙi | Tsada | Tsada ƙwarai |
| Bututu | Na bulo, dole | Dole, ana iya kafa sabo | Ya danganta da iri | Babu | Babu |
| Takardar shaida | Dole | Dole | Dole, ta Gas Safe | Sai in an ja sabon layi | Babu |
| Unguwar hana hayaƙi | Ban da itace | Sai tantacce | Ba matsala | Ba matsala | Ba matsala |
| Ƙarko | Tsawon ran gida | Shekara 15–20 | Shekara 10–15 | Ƙasa da 10 | Yana daɗewa |
| Ɗawainiya | Kullum | Kullum | Shekara-shekara | Kusan babu | Duk kunnawa |
| Babban haɗari | Tartsatsi, hayaƙi | Gobarar bututu, guba | Guba in ba a duba ba | Lodin soket | Ƙuna wajen ƙari |

Ƙararrawa, da wata al'adarmu

Tun Oktoban 2010 duk sabon murhun itace sai da ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin, daga Oktoban 2022 aka haɗa da na gas. Ana kafa ta mita 1 zuwa 3 daga murhun, a silin ko can saman bango. Ka duba lambar EN 50291 a jikinta. Ba ta kai fam 30 ba. Ita daban, ƙararrawar hayaƙi daban, kowacce da aikinta. Alamar gubar ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, musamman in duk gidan suka ji tare kuma suka warware da sun fita waje. In haka ta faru, a fita, a kira 999.

Abin da ya fi damuna ba ya cikin kowace takardar hukuma. A gidajenmu ana turaren wuta, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihu, sai a hau kujera a zare batirin, a manta. Hajiya, in za a turara ɗaki a rufe ƙofar da ke kallon ƙararrawar a buɗe taga, kada a kashe ta. Kaskon gawayi don jin ɗumi kuwa kada ya shigo ɗaki ko kusa. Ko a gida, inda iska ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa da saman bango, kusan kowane hunturu sai an ji labarin waɗanda suka kwana da gawayi ba su tashi ba. A ɗaki mai taga mai gilashi biyu da aka toshe kowace kafa, abin ya fi sauri.

Wane ne ya dace da wa

Ɗan haya, ɗalibi, da mai fulat: na lantarki. In za ka tashi ka naɗe abinka, ba ka nemi izinin kowa ba, ba a taɓa kuɗin ajiyarka ba.

Mai gidan kansa a cikin birni, da yara ƙanana ko mai ciwon ƙirji, wanda ke son wuta ta gaske da ɗumin da za a dogara da shi kowane dare: rufaffen murhun gas mai shaƙa daga waje, in akwai bangon waje a falon. In tsohon bututu na nan da lafiyarsa, mai gilashi da ke amfani da shi. Da shinge a gaba.

Mai gida a ƙauye ko bayan gari inda bututun gas bai kai ba, ko inda guguwa kan ɗauke wuta, da wurin ajiye itace da jikin ɗaukarsa: rufaffen murhun ƙarfe, kilowat 5 ko ƙasa in ɗakin ba babba ba ne. Shi kaɗai cikin biyar ɗin ke ɗumama ɗaki sosai ba gas ba lantarki. A birni ma yana yiwuwa in samfurin na jerin DEFRA, amma ka tuna bututunka da tagar maƙwabcinka ba su da nisa.

Mai gidan tarihi da tsohon murhunsa na asali ke nan daram, wanda zai kunna sau biyar ko shida a shekara, ranar da baƙi suka zo: buɗaɗɗe, bayan gwajin hayaƙi, da abin toshe bututun sauran kwanakin, wanda kuma sai an tuna an cire kafin a kunna. Ka fara da kiran jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukuma.

Wanda ado kawai yake so, babu yara babu kyanwa, kuma yana da haƙurin jiran tanki ya huce: itanol, mai nauyi da ake kafewa a bango ko a ramin tsohon murhu.

Wanda kuma ya sayi gida ya tarar da murhu a ciki ba takarda: kada ka kunna. Ka nemi ƙaramin farantin bayani da doka ta ce a manna, galibi kusa da murhun ko wajen mitar lantarki, ka kira mai shara ya gwada bututun. In aikin ba shi da rajista, sashen duba gine-gine na ƙaramar hukuma na iya zuwa su duba su ba da takardar gyara, da kuɗinta.